Littafin da Muka Ci da Ƙosai

Ni mutum ne mai saurin fushi. Kowa a layinmu na kasuwar tattasai ya san haka, ni ma ban taɓa musu ba. Amma fushin da na yi ranar da na gane cewa ni da tela maƙwabcin rumfata mun cinye kusan rabin littafi da bakinmu, har muna neman ƙarin yaji, fushi ne da na rasa wanda zan sauke wa, domin ko ta ina na juya sai in tarar laifin nawa ne.

Bari in fara daga farko, wato farko irin na boko, don za ku ga wannan ma abin rigima ne.

Mu mutanen Damagaram ne. Mahaifina ya zo Diffa da sikeli ɗaya da buhunan wofi, ya kafa rumfa, ya rasu ya bar mini ita. Ina sayen busasshen tattasai wurin manoman bakin kogin Kumadugu, in ɗura a buhu, in loda a kamyo, wato babbar motar kaya. Na yi lakkwal, makarantar boko, iya ƙarfina, kuma ban fito da komai ba sai son labarin mutanen da. Lissafi ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi. Amma a ba ni littafin da ke da ganuwa da mahara da rijiyar da aka ɓoye takobi, to ko gobara ake yi sai dai a kashe ba da ni ba.

A bayan rumfata akwai wani tsoho da matarsa. Daga ƙetaren kogi suka zo, lokacin da tashin hankali ya watsa garinsu, suka kafa ɗakin zana suka zauna. Tsohon ya yi shekaru yana shugabancin makarantar firamare a can, don haka kowa yake ce masa Baba Hedimasta. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum. Matarsa kuwa Iya muke ce mata, tana suyar ƙosai da safe da yamma, Hausarta da nauyin harshen Barebari, bakinta kuma ya fi yajinta zafi.

Iya tana da wani ƙorafi da ba ta gajiya da shi. Wai ranar gudu ta ce wa Baba ya ɗauko jakar takardun gida. Sai da suka ratso ruwa har ƙirji, suka fito wannan gefen, ta duba abin da ya ɗoro a ka, ta tarar littafi ne.

"Mutane sun fito da tabarma, wasu da tukunya, wata da kaza," in ji ta. "Ni nawa mijin ya fito da tatsuniya."

"Tarihi ne," Baba zai ce.

"To a dafa shi mu ci."

Da ta san abin da ke gaba, da ba ta faɗi haka ba. Ko kuwa da ta ƙara faɗa, don Iya ba ta janye magana.

Littafin ƙato ne, da Hausar boko, irin bugun Najeriya. Bangonsa ya jiƙe a kogi ya saɓule gaba da baya, sai Iya ta ɗaure shi da tsumma. Baba ya saye shi tuntuni, ya ajiye da niyyar in ya bar aiki ya zauna ya karanta. Da ya bar aiki ido ya bar shi. Ranar da ya ji ina karanta wa tela wani saƙo a waya sai ya kira ni.

"Ɗan Damagaram, ka iya karanta Hausa, ko Faransanci kawai suka ɗura maka?"

Na ce, "Baba, ni kam har rubutun likita ina karantawa."

Ƙarya ce. Makon farko sai da gumi ya jiƙa mini riga. Amma na saba, muka mayar da shi al'ada: kullum bayan la'asar, a gindin dogon yaro, Baba a kujerarsa, tela ya jawo kekensa bakin ƙofa yana ɗinki yana sauraro, ni ina karatu, Iya tana suya gefe tana cewa ba ta ji, alhali kuwa ko tari na yi sai ta ce in maimaita.

Labarin wani mai fito ne a zamanin sarakunan Borno na da, wanda yake ƙetarar da mutane kogi a kan manyan goruna. Mu dai Mai Gora muke ce masa. Mahara suka ƙone garinsu, ya kwashe mutanen gari ya ƙetarar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya a bakin ruwa ya rantse sai ya mayar da su gida. Daga nan sai yawo: hamada, kurkuku, fada, cin amana, wata tsohuwa mai guba. Ranar da na karanta wurin rantsuwar, Baba ya sa hannu ya shafa shafin.

To ga inda maganar take. 'Ya'yan Baba biyu sun riga sun koma garinsu, an ce ƙura ta lafa, sun yi wa ɗaki ɗaya rufi. Kowace Juma'a sai sun kira: Baba ka dawo. Akwai wani direba ɗan garinsu da ya ce zai kwashe su da kayansu, amma sai kafin ruwan kogi ya sauko, don in ya sauko hanyar ta rufe sai wata shekara. Iya ta ƙulle kayanta tun da wuri, tana so ta ga jikokinta. Baba kuwa amsarsa ɗaya ce.

"Sai mun gama littafi. Sai na ji ko Mai Gora ya koma."

Kowa ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ni na san tsoro ne. Yana tsoron ya je ya tarar da abin da ido bai buƙatar gani kafin zuciya ta gane. Kuma in zan faɗi gaskiya, ni ba na so ya tafi. Tun da mahaifina ya rasu ba wanda yake ce mini "zauna nan" in zauna sai wannan tsoho. Ina son sa, shi ke nan. Saboda haka na shiga ha'inci. In littafi ya ce an yi yaƙi kwana uku, sai in ba kowace rana haƙƙinta, da karin kumallo da sallar azahar. In aka ce Mai Gora ya hau raƙumi, sai na faɗi launin raƙumin da halinsa da na uwarsa. Shafi biyu sai su kai mu magariba.

Wata safiya ina kan awo, dillalai sun cika mini kunne, Iya ta leƙo rumfa.

"Wushe, ɗan Damagaram. Wannan littafi naku, wurin da kuka riga kuka karanta, yana da sauran amfani?"

Ban ko ɗaga kai ba. Na ce, "Iya, abin da aka karanta ai an karanta."

"Kun kai ina?"

"Mun kusa rabi."

Ta ce madalla, ta tafi. Ashe mutumin da yake kawo mata tsofaffin takardun biro, wato ofis, na naɗe ƙosai ne ya daina zuwa, ita kuma ta ƙi jinin leda, ta ce leda tana sa ƙosai gumi. Ni ban san wannan ba. Na san dai na amsa tambaya ba tare da na saurare ta ba, halin da matata ta daɗe tana yi mini gori a kai.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Na lura littafi yana ramewa ta hannun dama, amma ai haka karatu yake: abin da ya saura a dama yake, kullum raguwa yake yi. Sai dai ya riƙa raguwa da saurin da ya fi ƙarfin ha'incina. Ina jan labari kamar ƙaro, shi kuma yana guduwa. Har na fara yabon kaina a zuci, na ce kai, ashe na zama gwanin karatu ban sani ba, ko ina so in yi jinkiri ba na iyawa. Tela ya ce shi a ganinsa littafin nan ciwo yake yi. Na ce masa ya ji da zarensa.

Ranar da abin ya fashe, muna wuri mafi daɗi. An kama Mai Gora, an ɗaure shi da igiyar raƙumi a bakin wata tsohuwar rijiya, shugaban mahara ya zare wuƙa. Tela ya tsayar da keke. Iya ta tsayar da matsami a sama. Na karanta, "Sai Mai Gora ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce..." Na juya shafi.

Ba shafi. Tsumma kawai na gani da tafin hannuna.

"Ya ce me?" in ji Baba.

Na juya littafin, na girgiza shi, na duba ƙarƙashin tabarma.

"Ɗan Damagaram, ya ce me?"

A daidai nan idona ya faɗa kan tela. Yana riƙe da ƙosansa a takarda, yana dangwalar yaji. A jikin takardar, ƙarƙashin ƙosai na uku, ga rubutu irin wanda na sani kamar fuskar matata. Na fizge ta, ƙosai suka watse, tela ya ce, "Haba, mutumina, lafiya?" Na ɗaga ta sama. Mai ya jiƙa ta sharkaf, amma ga shi nan ɓaro-ɓaro: Mai Gora yana zaune a wani gari da ban taɓa ji ba, yana shan fura.

Na tuna ni kaina makonni ke nan ina karya kumallo da ƙosan Iya, in dunƙule takardar in jefar ban ko kalla ba.

"Iya!" na yi ihu. "Iya, me kika yi mana?"

Ta ajiye matsami a hankali. "Ka rage murya, ba a gidanku kake ba. Me na yi?"

"Kin yage ƙarshen littafi!"

"Ƙarshe? Allah ya kiyaye. Farko na yaga. Kai ka ce abin da aka karanta an karanta."

Ta karɓi littafin daga hannuna, ta kifa shi, ta mayar da ɗinkinsa hannun dama, ta buɗe shi yadda ake buɗe littattafan makarantar allo, yadda ta ga mahaifinta da malamanta suna buɗewa tun tana ƙarama. Ta ɗora yatsa.

"Ga farko. Daga nan na fara, kaɗan-kaɗan, ban taɓa wuce rabi ba. Ni mai amana ce."

Na ce, "Iya, boko daga hagu ake farawa!"

Ta dube ni kamar na ce mata ana shan ruwa ta kunne. "Daga baya? Wane mahaukaci ne zai fara littafi daga baya? Kai duk kwanakin nan daga baya kake karanta wa mijina? To ai shi ya sa labarin ya ƙi ƙarewa!"

Tela ya faɗi a kan kekensa yana dariya har da hawaye. Ni kuwa me zan ce? Mun taso daga hagu, ta taso daga dama, mun yi karo a bakin rijiya. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "To," ya laluba sandarsa ya shiga ɗaki. Wannan "to" ɗin ya fi mini zafi a kan zagi.

Washegari na rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar sunan ɗana, na shiga gari neman takardun ƙosai. Iya ta lissafa mini masu sayenta, tana yi tana tsaki. Na fara da 'yan dakon tattasai. Na tsaya gaban ƙarti shida ina tambayar su ko sun ajiye takardar ƙosan shekaranjiya. Ɗaya ya taɓa goshina ya ce ko zazzaɓi ne. Wani ya ce ya goge hannu da tasa, wani ya ce ya toshe hujin takalmi. Na ce ya cire takalmin. Ya cire, na samu rabin shafi mai siffar diddige.

Wata mai kifi ta ce nata duk ta hura wuta da su. Na ce mata ta ƙone daula guda, ta ce in dai ta dafa mata shayi ai ta yi amfani. A bayan tashar mota na yi kokawa da akuya a kan shafi ɗaya, ta tafi da sama na tafi da ƙasa, mutane suna kallo suna ba akuyar ƙarfi. Ni ɗan babban gida, mai sikeli biyu!

Wanda ya cece ni wani tsohon gardi ne mai gadin ƙofar wani biro. Shi ba ya yar da duk abin da ke da rubutu, ko da bai san me aka rubuta ba. Ya sa hannu a rufin rumfarsa ya zaro mini dami guda, an miƙar da su an jera. Na rungume shi. Ya ce in sake shi, yana da alwala.

Da yamma na zube ganimata a gaban tela, na ce ya ɗinke. Lambobin shafi yawanci mai ya cinye su ko an yage, sai ya jera su bisa tsawo, manya a ƙasa ƙanana a sama, ya bi da keke. Na ce ba haka ake jera littafi ba. Ya ce shi haka yake jera ƙyalle, kuma ba a taɓa dawo masa da riga ba.

Aka fito da Baba, muka zauna. Kai, ban taɓa karatu mai wahala irin wannan ba. Duk shafin da na buɗe sai yaji ya tashi, in yi atishawa, tela ya yi, Baba ya yi, Iya ta ce alhamdu lillahi a madadinmu duka. Mai ya sa takarda ta zama kamar gilashi, rubutun baya yana leƙowa ta gaba, sai in karanta layi ɗaya daga yaƙi, ɗaya daga biki. A shafin farko Mai Gora yana da mata da 'ya'ya uku. A na biyu yana neman aure. A na uku ba shi da kunne ɗaya, ba wanda ya gaya mana inda ya tafi. Shugaban maharan da ya zare masa wuƙa kuwa sai ga shi yana zuba masa ruwan wanke hannu yana ce masa yaya.

"A'a, tsaya," in ji tela. "Yaushe suka shirya?"

"A cikin akuya," na ce.

Sai ga wani raƙumi da kowa a littafin yake kuka saboda mutuwarsa, mu kuwa ba mu taɓa haɗuwa da shi ba. Tela ya ce duk da haka Allah ya ji ƙansa. Iya, wadda ba ta sauraro, ta ce ita tun farko ta san matar nan ta biyu ba za ta yi hali ba. Muka yi kwana uku muna gardama a kan kunnen. Har Baba ya saki jiki ya yi dariya. Amma da na kai shafin ƙarshe na ɗinkin tela, sai ya tambayi abin da yake jira.

"Kogin fa? An ambaci kogin?"

Na ce ba a ambata ba.

Sai Baba ya ce, "To, ba a koma ba ke nan. Dama ba a komawa. A littafi ne kawai ake rantsuwa." Ya ce wa Iya ta kwance kayanta. A ranar ne kuma direba ya aiko cewa ruwa ya fara motsi daga sama, sati ɗaya ya rage.

Nan ne na yi abin kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar in shige buhu. Na ga dama ta samu. Washegari na yagi takarda daga kayen ɗana, littafin rubutunsa na makaranta, na zo da murna na ce gardi ya tsinto shafin ƙarshe. Na gyara murya na karanta daga kaina: wai Mai Gora ya zo bakin kogi, ya duba, ya ga ashe wannan gefen ya fi albarka, mutanensa kirki ne da su, musamman 'yan kasuwa. Sai ya fasa komawa, ya kama noman tattasai, ya yi arziki, har yana loda kamyo biyu a mako.

Na ji kalmar ta fita, na so in kamo ta, ina!

"Kamyo," in ji Baba.

"Wato... raƙuma, Baba. Manyan raƙuma."

"Miƙo takardar."

Na miƙa. Ya kai ta hanci ya sunsuna, irin yadda na tabbata ya sha yi wa wasiƙun ƙarya na 'yan makaranta. "Ba mai, ba yaji. Ga kuma layi-layi ina ji a yatsana. Ɗan Damagaram, shekara nawa na yi ina kama masu irin wannan aiki? Dama tun raƙumin nan mai uwa na san kana ƙari. Na ƙyale ka ne don ni ma ba sauri nake ba."

Tela ya sunkuyar da kai yana neman allurar da ba ta ɓace ba. Na ce, "Baba, ba na so ka tafi ne." Haka na faɗa, gatsau, a gaban kowa. Ya laluba ya dafa kaina.

Iya ta daɗe tana kallonmu. Sai ta sauke kasko daga wuta, abin da ba ta yi ko ana ruwa, ta shiga ɗaki. Ta fito da wani ɗan gwangwani, ta buɗe, ta zaro takarda guda a ninke, fes da ita, ko ɗigon mai babu.

"Wannan shi ne na farko da na cire," ta ce. "Shafin farkon littafi ai da sunan Allah yake farawa. Ba zan naɗe ƙosai da shi ba, sai na adana. In dai haukanku gaskiya ne, to shi ne na ƙarshenku."

Na ce, "Iya! Ina kokawa da akuya, ashe yana cikin gwangwani?"

"Ka yi mini shiru. Tsoro nake ji. Ban san me ke ciki ba. In ya ce mutumin bai koma ba, wannan tsoho ba zai motsa ba har ya mutu, ni kuma ba zan ga jikokina ba." Ta murtuke fuska. Ta dangwara mini takardar. "Karanta abin da ke ciki. Ban da kamyo."

Na buɗe. Layi kaɗan ne, rabin shafin ma fari. Mai Gora ya tsufa. Ya zo bakin kogi da ragowar mutanensa da 'ya'yan da aka haifa a hanya. Ya ɗaura gorunansa. Ya hango ɗaya gefen, bai ga hayaƙi ba, bai ga rufi ba. Ya sa ƙafa a ruwa, ruwa ya kai masa gwiwa.

"Sai me?" in ji su ukun a tare.

Na ce, "Sai aka rubuta a ƙasa: nan ne ƙarshen littafi na ɗaya."

Sai tela ya ce, "Na ɗaya? Akwai na biyu?"

Baba ya buɗe baki, ya dafe kai. "Innalillahi! Shi ya sa mai kantin ya nace sai na ɗauki biyu! Ni na zaci wayo yake so ya yi mini. Ɗayan mai koren bango..."

"Mai koren bango?" in ji Iya. "Wanda na sa tsakanin kwanonina a adakar ƙarfe don kada su goge juna?"

"Yana ina?"

"Yana ina kuwa? Yana gida, inda ka bar takardun gida!"

Baba ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, har hawaye suka zubo daga idanun nan farare, ban san inda dariyar ta tsaya wani abin ya karɓa ba. Da ya lafa ya goge fuska da hularsa ya ce, "Mutum ya tsufa, ga shi a ruwa har gwiwa. Ba ma bar shi a tsaye ba. Iya, ɗaure kayanki."

"Ban kwance ba," ta ce.

Suka tafi kwana biyu kafin ruwa ya sauko. Ni na ɗora Baba a gaban mota. Ya bar mini rabin littafin da ɗinkin tela, Iya ta bar mini gargaɗi a kan fushi. Na koma rumfa na yi faɗa da dillalai uku a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bayan la'asar kuwa sai in rasa inda zan sa kaina. Waya a garinsu sai an hau tudu, sau ɗaya na samu ɗansa ya ce sun sauka lafiya, layi ya yanke.

Sai da ruwa ya janye hanya ta buɗe direban nan ya tsaya a ƙofar rumfata, ya miƙo mini ƙunshin bandar kifi. Ya ce, "Iya ta ce a gaya maka ta gane gefen da mahaukata suke farawa. Baba kuma ya ce ɗansa ne yake karanta masa, kuma har yanzu ba su ci karo da kamyo ba."

Na warware ƙunshin, tela yana leƙe ta kafaɗata. Takardar ciki irin wadda na sani ce, lambar shafinta ɗaya da biyu, an yage ta daga hagu. Na karanta a tsaye. Mai Gora ya fita daga ruwa a ɗaya gefen. Bai tarar da komai ba sai toka da wata tsamiya da ya sani. Ya tsaya ya daɗe. Sannan ya juya ya tambayi mutanensa ko akwai wanda ya zo da tsintsiya.

Na ja hanci na ce yajin Iya ne ya shige mini ido.

Tela ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya sunsuna. Ya ce, "Mutumina, wannan kifi ne. Ba yaji a ciki."